Kuɗin Kashewa da Rumbun Gida

Yawancinmu a wannan makaranta 'ya'yan manoma ne da ƙananan ma'aikata daga Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Saboda haka mun san inda kuɗin makarantarmu yake fitowa. Daga rumbu yake fitowa, ko daga akuyar da aka ja zuwa kasuwa, ko kuwa daga adashin da iyayenmu mata suka yi wata da watanni suna zubawa.

Idan muka lura da kyau, za mu ga cewa iyayenmu ba sa tara abin hannunsu wuri ɗaya, kuma suna da dalili. A shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi, wanda kuɗinsa ke banki sai da ya yi tafiya kafin ya taɓa su. A farkon 2023 kuma aka yi canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin da suka ɓoye kuɗi a asusu ko ƙarƙashin katifa hankalinsu ya tashi, sababbin takardun kuma suka yi wuyar samu, kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Dabba tana haihuwa, amma ɓarawo yana iya kore ta cikin dare ɗaya. Hatsi kuwa ƙwari ne abokan gābarsa. Shi ya sa magidanci mai hankali yakan ajiye kaɗan nan, kaɗan can.

A ganinmu, babbar asara tana faruwa ne da kaka. Lokacin gero da dawa da wake sun cika kasuwa, farashi ya faɗi, kuma lokacin ne bukukuwa suke yawa, ga bashin taki, ga kuɗin zango na biyu yana jira a watan Janairu. Sai manomi ya sayar da arha. Idan damina ta yi tsakiya, wajen watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwar nan ya sayi tiyar da ya sayar da tsada mai yawa, wataƙila ma a hannun wanda ya saya daga gare shi. Ɗan kasuwar ba sihiri ya yi ba, jira kawai ya iya. Duk mun san labarin Yusufu da shekaru bakwai na ƙoshi a ƙasar Masar, amma shi Yusufu babu wanda ya aiko masa da takardar kuɗin makaranta.

To, 'yan'uwa ɗalibai, a nan ne maganar ta shafe mu. Kuɗin kashewar da ake damƙa mana ranar dawowa hutu hatsi ne da aka sayar kafin lokacinsa. Amma a makon farko za ka ga ɗalibi wajen mai tsire da mai lemo, ga katin waya, abokai sun yi masa yawa. Kafin tsakiyar zango yana yawon aron sabulu. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Wasu daga cikinmu sun samo dabara. Suna raba kuɗin bisa yawan makwannin zango, su fara cire kuɗin motar komawa gida su ba malamin ɗakin kwana ajiya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama abin wasa. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji daga gida suke zuwa da su. Sabulu su yanka shi biyu. Duk abin da suka saya su rubuta a bayan littafi. Ana yi musu dariya ana kiransu marowata, amma mun lura su ne masu ba da rance idan wani ya kwanta ciwo, kuma akwai wadda ta tara ragowar kuɗinta na zango uku ta sayi kaji biyu, ƙanenta yana kiwata mata su a gida.