Hutu a Gindin Ganuwar Maska

Mutumin birni idan hayaniya ta ishe shi, ƙauye yake tunawa da shi. A ganinsa can ne ake barci da ƙofa a buɗe, ake shan fura da nonon da ba a sirka ba, ba a jin komai da dare sai kukan gyare. Ni ma da wannan tunani na tashi, domin haifaffen Karfi ne ni, a ƙasar Malumfashi, ko da yake neman abinci ya daɗe da mayar da ni Kaduna.

Da kakar bana na sami 'yan kwanaki na zo gida, sai na yanke shawarar in kwana biyu a Maska, wurin wani ƙanen mahaifiyata. Daga Karfi muka bi ta Bakori, muka sauka Funtuwa, na sake wata motar. Ko'ina ka duba a hanya amfanin gona ne: an jibge masara a bakin titi, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta yi fari fat.

Mai karatu, wanda ya ga Maska a yau ba lalle ne ya yarda cewa birni ce mai sarki tun kafin jihadi ba. A littafin da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya wallafa a 1981 kan tarihin Katsina, Maska da Gozaki suna cikin manyan garuruwan Katsina ta kudu. Da saƙa da rini aka san Maska, don ƙasar tana ba da auduga da baba. A 1915 aka mayar da mazaunin Sarkin Maska zuwa Funtuwa, daga baya jirgin ƙasa ya biyo ta can, ciniki ya bi jirgi. Sunan sarautar ya tafi Funtuwa, tsohon gari ya zauna da tarihinsa.

Da la'asar kawuna ya ja ni zuwa bayan gari. Abin da ya rage na ganuwa tudun jar ƙasa ne da ruwan sama ya zaizaye, wani wuri ya kai kafaɗa, wani wuri sai an nuna maka. Gwalalon da ke kewaye da ita ya cike, har an shuka kuɓewa a ciki. Na ga inda aka haƙi jikinta aka yi tubali. Kawu ya ce da ni, "Ɗana, kada ka ga laifin mai haƙa. Ɗakinsa ne damina ta kayar, ga ƙasa mai kyau a kusa."

Ya bayyana mini yadda kakanninsu suka ce ana yi. Aikin gayya ne, kowace unguwa da yankinta, ana yaɓe bayan damina. Akan bar fili a ciki saboda noma da dabbobi idan an yi wa gari ƙawanya. Da faɗuwar rana a rufe ƙofa, wanda ya makara ya kwana a waje. Ba don ado aka sha wannan wahala ba. A ƙarni na 19 mayaƙan Maraɗi sun yi ta kai hari ƙasar Katsina, kuma wanda aka kama a gona ya zama bawa. Sai bayan zuwan Turawa a 1903, da hare-hare suka lafa, mutane suka yi ta fita suna kafa unguwanni kusa da gonakinsu.

Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Amma na lura hirar dandali ba ta yin nisa, kuma kowane baƙon babur sai an bi shi da kallo. Babu wanda ya manta da watan Agustan 2025, lokacin da 'yan bindiga suka auka wa masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau, a ƙasarmu ta Malumfashi, suka kashe mutane da dama. Irin unguwannin da zaman lafiya ya haifar a bayan ganuwa, su ne yau suka fi kwana da fargaba.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana marubuta, idan mun je ƙauye shan iska, mu zauna da tsofaffi mu rubuta sunayen ƙofofi da na unguwanni da na marina tun masu sani suna raye. Mu kuma rubuta halin da manomi yake ciki, shi da yake ciyar da mu. Kakanninmu sun tara ƙasa sun kare kansu da hannunsu. Jikokinsu suna biyan haraji, haƙƙinsu ne a tsare su. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.