Fayafayan Kaka

A Ɗan Barto, bakin iyakar Nijar da Najeriya, akwai wata tsohuwa da jikanta. Yaron ɗan shekara 11 ne, yana aji biyar. Ita tana ce masa Maigida, shi kuma yana ce mata Kaka.

Ƙarƙashin gadon Kaka akwai wata adaka ta ƙarfe. A cikinta akwai garmaho mai aiki da batir, da fayafayai 14. Na mijinta ne, marigayi. A zamanin cinikin gyaɗa yakan bi hanyar Kwangwalam da Daura da Kazaure har Kano. In ciniki ya yi kyau, sai ya komo da faifai ɗaya. Haka ya tara su daga 1970 zuwa 1980. Akwai na Mamman Shata mai kalangu, akwai na Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Mai fayafayan ma ya bi su.

Wata rana cikin hunturu Kaka ta buɗe adakar tana neman wani zane. Ta ɗauki faifai ɗaya, ta daɗe tana kallonsa. Ƙura ta mai da shi ja. Ta ce: «Da wannan aka yi hira a ƙofar gidan nan daren sunan babanka. Ina ma in sake jin sa kafin in mutu.»

Maigida ya so ya faranta mata rai. Washegari, da ta tafi barka, ya zari faifai ɗaya. Ya zuba ruwan zafi da garin sabulu, ya dirje shi da soso kamar kwanon tuwo. Sannan ya shanya shi kan danga. Da azahar ya je ɗauka, sai ya tarar faifan ya lanƙwashe kamar busasshen ganye. Takardar tsakiyarsa ta saɓule, rubutun ya goge.

Ya kai wa Kaka yana kuka. Ta juya faifan, ta ga ba na daren suna ba ne. Ta ce: «Maigida, ka yi ɓarna, amma ka faɗi gaskiya. Sauran 13 kada ka taɓa su sai Baffanka ya zo.»

Baffa mai gyaran rediyo ne a Matameye. Ran juma'a ya zo bisa babur. Ya duba garmaho, ya sake masa bel, ya sa batir, abu ya juya. Sannan ya zaunar da yaron bisa tabarma.

Ya ce: «Ɗana, ka san abin da ya sa ake ce masa faifai?»

Yaron ya ce: «Don yana da faɗi kamar faifan kaba.»

Baffa ya ce: «Ba shi kaɗai ba. Dubi faifan Inna. Layi ɗaya ne aka yi ta naɗawa daga tsakiya har baki. Wannan ma haka yake. A kowace fuska kwari ɗaya ne tak, siriri kamar silin gashi, ya yi ta zagayawa daga baki har tsakiya. Cikin kwarin akwai ƴan lanƙwasa da ido ba ya gani. In allura ta bi su sai ta yi rawa, garmaho ya mai da rawar nan murya. Babban faifai faɗinsa santimita 30 ne. Yana juyawa sau 33 da kaɗan a minti ɗaya. Da za a warware kwarin fuska ɗaya, ya fi mita 400, daga nan har bayan kasuwa. Yanzu ka ce ƙwayar rairayi ta faɗa ciki. A wurin allura dutse ne a tsakiyar hanya. Shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. In aka yi ta kiɗa da ƙura, allura ta ci, kwari ya ci.»

Maigida ya ce: «To, Baffa, a goge da ƙyalle mana.»

Baffa ya ɗauki biro na roba, ya goga a kan yaron, ya kai shi kusa da guntayen takarda. Suka yi tsalle suka manne. Ya ce: «Ka gani? Faifan ma roba ne. In ka goge shi a bushe, musamman da hunturu, sai ya riƙa jan ƙura da kansa. Kuma rairayin da ke kansa ya karce shi.»

Daga nan Baffa ya ware fayafayan kashi biyu. Guda 11 marasa nauyi ne, suna ɗan lanƙwasuwa. Irinsu an fara yin su a Amurka a 1948. Biyu kuwa masu nauyi ne da tauri, tsofaffin yayi, masu juyawa sau 78. Da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya aka yi su. In sun faɗi sai su fashe kamar kasko. Baffa ya ce: «Waɗannan biyu, alkol na wanke ciwo yana narkar da su. Fetur da kananzir kuwa, kada su kusanci ko ɗaya daga cikin 13.»

A manyan birane ana sayar da injin wankin faifai. Su Baffa ba su sayi kome ba sai ƴar kwalbar sabulun ruwa na wanke-wanke. Sauran kayan duk a gida suke: kwano biyu, da tsohon ɗankwalin Kaka na auduga mai laushi, da guntun karan-miski.

Ruwa ne ya fi ba su aiki. Baffa ya nuna wa yaron farin abin da ke kwanciya cikin butar shayi. Ya ce ruwan rijiya ne ke barin sa, kuma haka zai bar shi cikin kwarin faifai. Sai suka ɗora tukunya. Da ta tafasa, suka riƙa karkata marfin, ɗigon tururi yana sauka cikin kofi mai tsabta. Wannan ruwa ba gishiri a cikinsa, ba laka. Kafin la'asar sun sami kofi biyu. Da damina ce, da ruwan sama za su tara a tsakar gida, ba na indararo ba.

Suka wanke hannu, suka shiga ɗaki, suka saki labule don iska. Ga yadda suka yi:

Da farko, Baffa ya riƙe faifai ta baki da tafin hannu biyu. Yatsa bai taɓa kwari ba, don maiƙon hannu yana kama ƙura.

Na biyu, ya karkata shi, ya zuba tataccen ruwan randa a hankali, rairayi ya bi ruwa. Takardar tsakiya kuwa an kife mata ƙaramin kofi, ba ta jiƙa ba.

Na uku, ya sa ɗigo biyu na sabulu cikin kwanon ruwa. Ya tsoma karan-miski, ya bi kwari yana zagayawa. Bai ratsa daga tsakiya zuwa baki ba, kamar yadda mai noma ba ya ratsa kunya.

Na huɗu, ya ɗauraye da ruwan randa, ya ƙarasa da ruwan tururi wanda ya huce.

Na biyar, ya tsane shi da ɗankwali, ya jingine shi tsaye a inuwa har ya bushe sarai.

Baffa ya wanke uku. Na huɗu sai ya miƙa wa Maigida. Yaron ya ja da baya, ya ce: «Baffa, tsoro nake ji.» Kaka ta ce: «Karɓi, Maigida. Hannun da ya ɓata shi ya kamata ya koyi gyara.» Faifan daren suna ne. Yaron ya yi minti goma a kansa, ko tari bai yi ba.

Bayan sallar isha aka fito da garmaho tsakar gida. Baffa ya sauke allura a hankali. Kalangu ya tashi, muryar Shata ta fito tas. A wuri ɗaya kawai take yin tsalle, inda wani tsohon karce yake. Baffa ya ce: «Ruwa yana fid da dauɗa, amma ba ya ɗinke karce.» Maƙwabta suka shigo. Kaka ba ta ce kome ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska har waƙa ta ƙare, sannan ta ce a sake.

Baffa ya naɗi waƙoƙin cikin wayarsa, don a riƙa ji kullum, fayafayan su huta. Maigida ya yi wa kowane faifai riga da farar takarda. Aka jera su tsaye cikin adaka, ba a ɗora wani kan wani ba, aka ajiye nesa da murhu da rana.

Wanda ya lanƙwashe kuwa, Kaka ta ba Maigida. Yana nan rataye a ɗakinsa. Waƙar da ke cikinsa, har yau ba wanda ya tuna sunanta.

Tambayoyi
1. Wa ya tara fayafayan? Daga wace shekara zuwa wace?
2. Waɗanne kurakurai uku Maigida ya yi?
3. Don me ba a goge faifai a bushe?
4. Me ya bambanta ruwan tururi da ruwan rijiya?
5. Me Kaka take nufi da maganar hannun da ya ɓata?

Lissafi
Faifai yana juyawa sau 33 a minti ɗaya. Sau nawa zai juya a minti 20?

Aiki
Ka tambayi wani tsoho a gidanku abin da ya daɗe yana ajiye da shi. Ka rubuta layi biyar kan yadda yake kula da shi.