Sandamu: Inda fiyano ta tarar da kalangu a gida

DUK wanda ya hau mota daga Kano zai je Daura, ya wuce Ɗambatta da Kazaure, to ba makawa sai ya ratsa Sandamu kafin ya hango birnin Bayajidda. Garin a kan babbar hanya ya ke, wadda in an bi ta har ƙarshe sai Kwangwalam, bakin iyakar Nijar. Sandamu na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, sauran su ne Daura da Baure da Zango da Mai'aduwa. Ƙasa ce mai rairayi, ta gero da dawa da gyaɗa da wake. Yawancin matafiya ba su ma sauka, ta taga su ke ganin garin.

Amma mai kunne in ya tsaya bakin titi da yamma, kiɗa iri biyu zai ji. A shagon caji ko a wayar ɗan acaɓa waƙar fim ce ke tashi, ta Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker. In kuma ranar biki ce, can cikin gari kalangu ne ke magana. Ƙasar nan ba baƙuwar kalangu ba ce. Dakta Mamman Shata da kansa, wanda ya rasu a watan Yuni na 1999, a Daura aka binne shi, garin uban gidansa Sarki Muhammadu Bashar. Daga Sandamu zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce kawai.

To yaya aka yi waƙar fim ta girma ba tare da makaɗan irin waɗannan garuruwa ba? Amsar a cikin sutudiyo ta ke.

A zamanin Shata, in za a ɗauki waƙa, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi duk tare su ke yi, lokaci guda. In mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Da harkar fim ta kankama a Kano a shekarun 1990, sai fiyano ta shigo, musamman ƙirar Yamaha PSR, wadda kamfanoni irin su Iyan-Tama su ka fara aiki da ita. Mutum ɗaya ya zauna, ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Fim ɗin 'Sangaya' na Sarauniya, na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Mohammed su ka ja, ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Daga nan kuma kwamfuta ta biyo baya da manhajoji irin su Cakewalk da Cubase da FruityLoops, wadda tun 2003 ake kira FL Studio.

Saurayin da ya tara 'yan kuɗinsa a Sandamu ya nufi sutudiyo, ko a Daura ko a Katsina ko a titin Zoo Road na Kano, abu guda zai gani a allon kwamfuta: layuka jere, wani a kan wani. Kowane layi da abin da ya ɗauka. Sai dai layukan nan iri biyu ne, kuma da yawa daga masu sha'awar waƙa ba su san bambancinsu ba.

Na farko shi ne MIDI. Tun 1983 kamfanonin kayan kiɗa su ka amince da shi don na'urori su riƙa fahimtar juna. Layin MIDI ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan, umarni kawai ya ke rubutawa: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Ƙarfin ma lamba ce, daga 0 zuwa 127. Shi ya sa makaɗi zai buga abu da sautin fiyano, bayan ya tashi a mai da shi sarewa. In muryar zabiya ba ta kai sama ba, a sauko mata da kiɗan baki ɗaya cikin daƙiƙa. In hannun makaɗi ya yi santsi, akwai maɓallin da ke jawo kowane bugu ya zauna daram a gurbinsa. Daɗi kan daɗi, wai an ba mayunwaci ajiyar tuwo.

Na biyu shi ne odiyo, wato ainihin sautin da ya shiga makirfo. A ingancin faifan CD, kwamfuta na auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Wannan layin bai san kara ba. Duk abin da ya ji sai ya ɗauka, har da ƙugin janareta da kukan akuya da hon ɗin tirela mai zuwa Kwangwalam. Dalili ke nan da ake jibga katifa ko soso a bangon ɗan ɗakin da mawaƙi ke shiga, a kashe fanka, ya rera waƙar soyayya ya na haɗa gumi kamar mai huɗa. Ya na jin kiɗan ta abin kunne, ya na bi. Baiti ɗaya a maimaita shi sau biyar, sannan 'yar amshi ta shiga nata layin. Sau tari ma jarumin waƙa da zabiyarsa ba su haɗu ba, kowa da ranar da ya zo.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya sani. A 1991 aka fitar da jerin sautuka 128 da ake kira General MIDI, wanda fiyano da yawa ke bi. A ciki akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu kukuma. Masu cewa kiɗan fim ɗin Hausa ya na ƙamshin Indiya su na da gaskiya, son finafinan Indiya ya taka rawa sosai, amma ita ma na'urar da nata laifin. Makaɗin da ke neman algaita, shanai zai tarar a kusa, sai ya yi maleji da ita.

Kalangu kuwa ya fi ƙarfin maleji. Mai kiɗa na rungume da shi a hammata, ya na matse igiyoyin jikinsa ya na sassautawa, fatar na ɗaurewa ta na saki, sautin na hawa ya na sauka a cikin bugu ɗaya. Da haka ya ke kwaikwayon karin harshen Hausa, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya san da shi ake. Fiyano na da ɗan abin murzawa a gefen hagu na lanƙwasa sauti, gwanaye na ƙoƙari da shi, amma duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya na jin makaɗan hakimai ranar hawan Magajiya ba za a ruɗe shi ba.

Saboda haka mawaƙin da ke son kalangu na gaske dole ya kawo makaɗi gaban makirfo. A nan ake ɗan dambarwa. Kwamfuta na da ƙas-ƙas ɗinta na awon lokaci, ba ta ƙara sauri ba ta ragewa. Shi kuwa makaɗi da taron biki ya saba, in wuri ya ɗau zafi sai ya ƙara wuta. Wasu masu sutudiyo kan tilasta masa bin na'ura, kiɗan ya fito sanƙarau. Masu haƙuri kan bar shi ya fara bugawa yadda ya saba, daga baya a sa kwamfutar ta bi sawunsa. Wannan ya fi cin lokaci, kuma mai biyan kuɗin sutudiyo agogo ya ke kallo.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Da zarar an ɗauki bugun makaɗi a odiyo, ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗora kowane guntu a kan maɓallin fiyano. Daga ranar ya zama kayan MIDI, a kwafa a filashi, ya bi sutudiyo-sutudiyo. Makaɗin an sallame shi sau ɗaya, ya rataya kalangunsa ya hau motar gida. Bayan wata uku ya na zaune bakin titin Sandamu, ɗan acaɓa zai gifta da sabuwar waƙa a waya, hannunsa ne a ciki, amma sunan da ake kira a farkon waƙar na mai sutudiyo ne.