Wasiƙa daga Edinbura: Idan Audacity ta ƙi tashi

  Mu nan, a wannan wata na Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, kana idar da la'asar magariba ta kawo kai.

Wasiƙar yau ta masu taya ni ɗaukar muryoyin tsofaffi ce. Sauran ma ku daure ku karanta, don zancen ya taɓa Gwaggo. Kun san bincikena a kan karin sautin Hausa ne, yadda murya ke hawa da sauka a bakin mutanen da, kuma a gidanmu babu wanda ya kai ta tsohuwar Hausa. Ta haura tamanin. Rana ɗaya za ta zauna ta yi ta zuba, sai kuma a yi mako biyu ba ta da ƙarfin hira.

Makon jiya ƙanena yana tsakiyar ɗaukar ta, tana ba da labarin yadda aka kai ta ɗakin miji a kan doki, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutarsa dama ya daɗe da mutuwa, take ta yi ɗif. Da wuta ta dawo ya latsa Audacity, tambarinta ya leƙo ya ɓace, shi ke nan. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuma ya ce sai dai a yi fomatin. Allah ya taimaka yaron ya kira ni tukuna.

Don Allah kada wanda ya yarda a yi masa fomatin saboda wannan. Manhajar daban, muryoyin daban. Tun daga Audacity 3.0, wadda ta fito a 2021, kowane aiki yana zaune cikin fayil guda mai ƙarewa da .aup3. Wanda ba a kai ga adanawa ba kuma yana ɓoye a wata folda mai suna SessionData, cikin AppData, ƙarƙashin Local. Abin da na fara sa shi ya yi ke nan: ya kwafe duk abin da ke ciki zuwa filashi kafin a taɓa komai. In kun ga wani ƙaramin fayil kusa da shi mai ƙarewa da wal, ku haɗa da shi. Sau da yawa mintunan ƙarshe suna cikinsa.

Sannan muka koma kan ƙin tashin. Audacity tana da wani ɗan fayil, audacity.cfg, inda take rubuta zaɓin mai ita: wane makirfo, wace lasifika, wace folda. Shi take fara karantawa in za ta tashi. Idan wuta ta katse tana cikin rubuta shi, sai ya rikice, ita ma ta rikice. A Windows, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata%, ka shiga foldar audacity. Ban ce ya goge fayil ɗin ba, cewa na yi ya sauya masa suna kawai. Da ta duba ba ta gan shi ba sai ta ƙirƙiri sabo, ta tashi sumul, har ta tambaya ko a dawo da aikin da ya katse. Minti 41 na Gwaggo suna nan, har da dariyarta. Sai da na tashi na zagaya ɗaki.

Ba mu gama ba, don da ya zo gwada sabuwar ɗauka sai ga saƙo, "Error opening recording device", da lamba -9996. Ma'anar lambar ita ce na'urar da ake nema ba ta nan. Audacity tana ƙirga makirfo da lasifika ne lokacin da take tashi, wanda aka jona daga baya ba ta san da zamansa ba. Saboda haka a fara jona makirfo, sannan a buɗe ta, ko kuma a shiga Transport a latsa Rescan Audio Devices. In lambar -9997 ce, saurin ɗaukar sauti ne bai dace da na makirfon ba. A gwada 44100 ko 48000. In kuwa duk an yi ta ƙi, a leƙa saitin sirri na Windows, don tun 2018 akwai wani makunni a can da ke hana manhajoji jin makirfo baki ɗaya. Ku riƙa turo mini hoton saƙon yadda yake. "Ta ƙi yi" ba ya gaya mini komai daga nisan nan.

Wani abokina ya ce me ya sa ba zan saya muku manhajar kuɗi a huta ba. Ita ma ta kuɗin in wuta ta sare ta haka za ta yi. Wannan kuwa tun 1999 Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta kyauta a 2000, kuma kowa na iya duba cikinta. Shi ya sa da wuya ka ci karo da matsalar da wani bai riga ka gani ya rubuta maganinta ba. Ga tallafin karatun nawa ma da ƙyar yake kai ƙarshen wata.

Saura roƙo biyu. Kada ku yi aiki kai tsaye a kan filashi; yawancinsu tsarin FAT32 ne, kuma Audacity ba ta yarda ta ajiye .aup3 a kansa. Sannan da zarar an tashi daga hira, a fitar da ita a WAV kafin a kashe kwamfuta. MP3 tana zubar da wani ɓangare na sautin, ni kuma awo nake yi a kansa. Na san turo WAV yana cin data, zan sa muku kati ranar Juma'a in Allah ya yarda.

A gaishe mini da Gwaggo, a ce mata ina jiran ƙarashen labarin, don an tsaya ne daidai inda dokin ya ƙi shiga zaure. Wanda zai je, ya tafi da caji cikakke ko ya ari kwamfutar Yaya.

Ku huta lafiya.