Mai baki biyu da tsingaron Goggo

A zauren Baffa da ke unguwar Malam Inna a Gombe na fara ganin an raba bindiga gida uku kamar rake, kuma ba ta lalace ba. A 2003 ne, ina aji biyu na sakandare, kafin a buɗe jami'ar jiha a tsallaken kwari, lokacin unguwar ba ta cika ta batse ba.

Baffa yayan mahaifina ne, malamin dabbobi mai ritaya. Shi ba maharbi ba ne, ko sau ɗaya bai taɓa bin 'yan farauta daji ba. Abin da ya shiga ransa, tun wani kwas da aka tura shi Ingila yana saurayi, wasa ne da ya ga Turawa suna yi ranar hutu: inji ya cilla ɗan faifai sama, mutum ya bi shi da bakin bindiga ya tarwatsa. Tantabarar laka suke kiran faifan, domin a da tantabaru masu rai ake saki a harbe, har aka hana a 1921. Faɗinsa santimita 11, kuma ba ma laka ba ce, garin dutse ne aka cuɗa da kwalta. Mun sha wannan labari har mun haddace. Da kuɗin sallamarsa suka fito Goggo ta ce a gyara rufin ɗaki, shi kuwa ya ce rufi ya saba jira, bindiga zai saya.

Takarda ya fara nema. A dokar makamai ta 1959, bindigar toka da ake ɗurawa ta baki lasinta yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, amma mai cin harsashi irin wadda yake so sai da izinin Sufeto Janar. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai raunin gani. Wannan na ƙarshen ya sa Baffa ya canja tabarau kafin ya cika fom. Watanni aka yi ana safa da marwa.

Ranar da mai sayarwa ya zo, wani dattijo mai lasin cinikin bindigogin farauta, guda biyu ya kwance daga cikin bargo, duka na hannu, duka masu baki biyu a jere. Ta farko ƙirar Birmingham ce, siririya, an yi mata zanen furanni a ƙarfe, ƙotarta na sheƙi kamar an shafa man shanu. Ta biyu Baikal ce daga birnin Izhevsk, da tambarin Tarayyar Sobiyet a jikinta, kenan ta girmi 1991. Baƙa ce mai nauyi, katakonta kamar na bencin makaranta. Ni tuni na zaɓa wa Baffa ta Ingila, har da mamakin cewa ita ce mafi araha.

"Malam, wannan ta wani joji ce," in ji dattijon yana shafa ta. "Irinta ba ta ƙara shigowa."

"Alhaji, joji ba zai tsaya mini a gona ba," Baffa ya ce. "Bari mu ji ta bakinta."

Ya buɗe ta ya tabbatar ba komai a ciki, ya cire katakon gaba, ya riƙe ƙotar ya girgiza. Daga inda nake zaune na ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a mahaɗa. Ya zare bututun biyu ya rataya su a zare, ya ce, "Kai, ɗan nan, ƙwanƙwasa da farce." Na ƙwanƙwasa, sautin ya fito a dushe kamar na fasasshiyar ƙwarya, alamar likin da ya haɗa su ya saki. Sai ya ɗaga su saitin hasken ƙofa ya ce in leƙa. Cikin na dama duk ƙananan ramuka ne, kamar zanzana. Ya juya ƙarƙashi ya nuna mini lambobin da aka buga: gurbin harsashinta gajere ne, milimita 65, alhali harsashin da ake samu a wurinmu mai 70 ne. Zai shiga ya rufu lafiya lau, kuma nan haɗarin yake, a tsohon ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci.

Da aka rataya na Baikal na ƙwanƙwasa, sai ta yi ƙara kamar ƙararrawar tashi daga makaranta. Cikinta fes, mahaɗarta ko motsi. Baffa ya harhaɗa ta, ya rufe ido ya kai ta kafaɗa, sannan ya buɗe. Sau biyar yana yi, yana duba ko idonsa na faɗawa daidai tsakiyar bututun. Ƙotar ta ɗan yi masa gajarta, daga baya wani baduku ya ƙara mata tafin roba. Dattijon ya so ya kwaɗaita masa wata mai baki bisa baki da zai iya kawowa daga Kano, irin ta 'yan gasa, a ninkin kuɗi. Baffa ya ce shi wasan Asabar zai yi, ba kofi yake nema ba. Aka yi ciniki a kan kuɗin da bai kai na ɗan bijimi ba, har yanzu kuwa ina ganin dattijon ya fi jin zafin asirin ta jojin da ya tonu a kan ragin da ya yi.

Saura tantabaru. Inji babu, faifai babu. Goggo ce ta warware, cikin gatse ma ta yi: ta turo mini kwandon tsingaron tulunan da suka fashe, ta ce ga tsuntsayen Baffanka. Muka kankare gefensu a kan dutse har suka yi kewaye. Ni ne injin.

Gonarsa ta hanyar Malam Sidi muke zuwa bayan an kwashe amfani, inda ba gida ba garke. Mu toshe kunne da auduga, in tsaya bayan kafaɗarsa, kuma ba ya saka harsashi sai ya waiwaya ya ga ƙafafuna a inda ya ja layi. Kunama biyu gare ta: ta gaba tana tashin bututun dama mai watsa ƙwayoyi da faɗi, ta baya na hagu mai tattara su nesa. Harsashi goma yake ɗauka, ba ƙari, saboda tsada. Ranar farko goman nan duk iska suka ci, tsingaro ya riƙa saukowa lafiyarsa. Asabar ta uku ya gane cewa bayansu yake harbi, yana tsayar da hannu daidai lokacin jan kunama. Da ya bar bakin ya wuce gaba, na bakwai ya zama jar ƙura a sama. Dattijo mai furfura ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

Mun yi shekara goma sha ɗaya a haka, duk rani. A ƙarshen Oktoban 2014 bam ya tashi a tashar mota a Gombe, wani ya sake tashi a tashar Dukku a Disamba, a Fabrairun 2015 kuma 'yan bindiga suka shigo gari. Daga nan ƙarar harbi a bayan gari ta daina zama wasa, ko a kunnen wa. Baffa ya goge Baikal da mai, ya naɗe ta a bargo, na goya shi a babur ya kai ta ajiya wurin 'yan sanda, ya karɓo rasit ya saka cikin littafin lasin. Ragowar tsingaron Goggo ta jera su a gindin randa.