Sabuwar Ganuwar Katsina

Ganuwar da ta fi tsaya mini a rai a Katsina ba ta wajen Ƙofar Ƙaura ba ce. Katangar kankare ce da ke kewaye da ɗakin gashin ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya, a cibiyar da aka buɗe a Yulin 2025. Abin da take tarewa ido ba ya ganinsa: tururin radiyeshin. Nau'in alfa, takarda ma na tsayar da shi. Beta, sai fallen alminiyum. Amma gama da eksire, masu kashe ƙwayoyin daji, sai dalma ko kankare mai kauri.

A da, majinyata sai sun niƙi gari zuwa Zariya ko Sakkwato. Saura tsoro. Wasu na zaton gashin kan bar tururin a jiki, su yi ta jinkiri har cutar ta bazu, alhali da an kashe na'urar tururin ya ɗauke.