Kafin Maroko, Isa

A bayan littafin lissafina na tsara hutun da nake buri: wasan zamiya kan dusar ƙanƙara a Oukaimeden, cikin tsaunukan Atlas na Maroko. Na jera fasfo, kuɗin jirgi zuwa Marrakesh da rigar sanyi mai kauri. Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci Najeriya a wannan wasa a Beijing a 2022, shi ya sa mini kwaɗayin.

Da na karanta wa Inna, sai ta yi murmushi ta ce, "Ɗan nan, fara kai ni Isa tukuna."

Na yi shiru. Daga Sabon Birni zuwa Isa ba nisa, amma tsoron 'yan bindiga ya hana mu gaida Kaka tun sallar bara. A daren na buɗe sabon shafi, na rubuta Isa a sama.